Ranar da Na Rina Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren 'yata Ummi ba, kuma ko na so in manta, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba. Har gobe idan na ratsa ta bakin kasuwa da ƙunshin wanki a bayan keke, sai wani ya leƙo daga shago ya ce, "Baban amarya, yau wace kala za a yi mana?" In yi murmushi in taka kekena in wuce. An san ni da haƙuri (ba wani halin kirki ba ne, sana'a ce ta koya mini, wanda ya kwashe shekaru yana cuɗa wuyan rigunan mutane ba ya saurin hawa).

Wanki da guga nake yi, kuma ina so ka riƙe wannan a ranka, don shi ne ya fi ci mini rai a cikin labarin. Ni ne mutumin da in ka kawo mini kaya, kafin ka juya baya na riga na ware farare gefe guda, masu zuba gefe guda. Da ido kawai nake gane atamfar da za ta ɓata ruwa. A duk unguwarmu ba a taɓa kai ƙarata cewa na lalata wa wani farar riga ba. To, ka ji mutumin da ya rina surukansa.

Ban yi boko ina yaro ba. Allo na yi, na kai izu mai ɗan dama, sannan neman abinci ya janye ni. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna na shiga ajin manya, wanda ake yi bayan la'asar a wata firamare da ke bayan layinmu. A bencin yara muke zama, gwiwa tana gaisawa da haɓa. A nan na saba da Iro kafinta da Tanko mahauci, waɗanda za ka ji su nan gaba (Allah ya yafe musu, ni ma ya yafe mini). Da muka gama sanin baƙaƙe, abu na farko da na roƙi malaminmu ya nuna mini shi ne yadda ake rubuta Safiya. Sunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, kuma shi na sa wa 'yata ta fari, saboda haka bakina bai taɓa kiran yarinyar da shi ba. Ummi nake ce mata, kowa ya bi. Amma ba wanda ya taɓa cewa kada a rubuta. Ranar da hannuna ya iya shi, sai da na cika shafi da shi, na zauna ina kallo kamar tsohuwar ce ta leƙo ta gaishe ni.

Da Ummi ta gama karatun jinya, sai ga Bashir. Yaro mai hankali, ba ni da abin faɗa a kansa. Danginsa ne suka tsaya mini a rai. Mutanen unguwar Kongo ne a nan Zariya, 'yan jami'a, irin gidan da ko mai gadi da jarida yake gadin. Baffan Bashir ne ya jagoranci neman auren, wani farfesa mai farin gemu, mai sa farar shadda kamar bai taɓa jin labarin datti ba. Ranar da suka zo gaisuwa ya zauna a tabarmar zaurena ya tanƙwashe ƙafa, ya kira ni Malam, ya sha ruwan randarmu bai ko yamutsa fuska ba. Da girman kai ya yi mini da na samu sauƙi. Kirkin nan nasa shi ya hana ni sukuni. Na ce a raina, ranar ɗaurin aure lallai mutumin nan ya riƙe wani abu da ya fito daga hannuna, ya san uban yarinyar ba guga kaɗai ya iya ba.

An sa bikin a tsakiyar bazara, lokacin da Zariya ke komawa tanderu. Sai dabara ta faɗo mini: mafici. Kowane baƙo a miƙa masa mafici na kaba, saƙar gida, a jikin mariƙinsa an rubuta Safiya da Bashir, da hannu ba da inji ba. Hannun wa? Ai ka sani.

Ummi ba ta so ba. Ta zo ta durƙusa kusa da teburin guga, ta yi ta kewaye-kewaye, wai akwai masu buga sitika a Kwangila, a sayo mafitan roba a manna musu, kowa haka yake yi. Na ce ai shi ya sa mu ba za mu yi ba. Ta ja zaren bakin mayafinta, ta ce, "Baba, don Allah kada a yi abin da za a riƙa tuna mini da shi a gidan miji." Na ajiye dutsen guga, na yi mata alkawarin cewa in ma an tuna, to da alheri za a tuna. (Rabin alkawarin dai na cika. Ana tunawa.)

Daga nan na shiga neman hannu. Na fara da matata Asabe. Ta ce ita da alkaki da dubulan da cincin a gabanta, in kaba nake so in je in nemi dangin kaba. Dangin kaba kuwa muna da su: Goggo Delu, ƙanwar mahaifina da ke Dutsen Abba, wadda take saƙa tun kafin a haife ni. Na hau keke na je na kwantar da kai. Ta yarda, amma da sharuɗɗanta: farin goro kullum, shayi mai kauri, kuma kada wanda ya kunna mata waƙoƙin yaran zamani. Ta zo ta kafa sansani a tsakar gidana, ta aika aka kirawo matan maƙwabta. A nan na gano cewa mace ɗaya tana iya gama mafici kafin azahar, amma in suka taru su da yawa sai mafici ɗaya ya kai magariba, don sai an bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya an ji wa ya yi me. Duk da haka aiki ya tafi. Goggo ta ɗora tsohuwar tukunya a murhu, ta dafa galura, tana tsoma kaba a ciki tana tsamowa, rabi kore rabi ja. Tsarina ne wannan: kore na dangin ango, ja namu. Dalilina kuwa, in tabbata waɗanda suka fi kyan saƙa, wato na hannun Goggo, su ne suka je hannun mutanen Kongo, namu kuma su yi haƙuri da na matan maƙwabta.

Ɓangaren maza yana zaure. Iro ya yanko mana mariƙai daga ragowar katako, masu faɗi yadda rubutu zai zauna. Tanko ya ce shi ma zai taya rubutu, ai tare muke aji. Na ba shi ya gwada. Ya damƙi alƙalami kamar zai feɗe akuya, ya zana baƙi ɗaya ya cinye rabin mariƙi, ya bar mini tambarin yatsa mai ƙanshin kitse. Na lallaɓa shi na mayar da shi sashen goge katako da samfefa. Bai ji haushi ba, don sashen yana kusa da ƙofar da abinci ke fitowa. Da labari ya kai aji cewa ana cin shinkafa a zaurena, sai ga 'yan ajinmu har da waɗanda suka daina zuwa makaranta tun bara. Ƙanena Sale, wanda zai zama waliyyin amarya, shi ma kullum yana nan. Aikinsa ɗaya: ya ɗauki mafici da aka gama, ya kishingiɗa, ya yi ta fifita, ya ce wannan iskarsa ta yi, a miƙo na gaba. Asabe ta ce abin da masu taimakona suka ci ya ishi walimar wani.

Da aka ɗaura mariƙai a jikin kaba, sai na ga abin bai yi mini ba. Sama kala tana ɗaukar ido, ƙasa katako fari fat kamar ƙafar kazar da aka fige. Na ce dole mariƙi ya dace da kabarsa. Iro ya ce a shafa fenti, in an yi rubutu a bi da banish. Na ce Farfesa zai riƙe abin nan kusa da hancinsa, ba zan sa shi atishawa a gaban jama'a ba. Kuma ni na san hanyar da ake sa kala ta kama katako, na san ta tun ina ɗan yaro a gaban malam. Na sayo ƙaro na jiƙa, na dama shi da ragowar garin galurar Goggo, kamar dai yadda muke haɗa tawada. Na shafe mariƙai, kore da kore, ja da ja, na shanya a rana. Da suka bushe, sai ka ga ƙyalli kamar an zuba musu gilashi. Iro da kansa ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba (gaskiya ya faɗa, kuma ba zai sake gani ba). Sannan na fere alƙalamin kara, na haɗa baƙar tawada, na zauna yammaci bayan yammaci ina rubuta sunan da bakina ba ya faɗa. Ban gaji ba. Da za a ce in ƙara wasu da na ƙara. Tanko ne ya ce ai bai kamata a yi wannan wahala mutane ba su san mai ita ba. Saboda haka a can sama, a wuyan mariƙi inda ya haɗu da kaba, na ƙara da ƙananan baƙaƙe: Aikin hannun baban amarya.

Goggo ta fito za ta yi alwala, ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina.

"Ɗan nan, ka dafa galurar nan kuwa?"

"Goggo, katako ne fa, ba ganyen miya ba."

Ta dube ni, ta gutsuri goro, ta ce, "To." Ta ajiye ta wuce. Duk wanda ya san Goggo ya san irin wannan "to" ɗin nata. Ni a ranar na ɗauka yabo ne.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfuna a ƙofar gida, tabarmi da darduma a gaba don manya, kujerun roba a baya. Rana ta fito da niyya, ko ganye ba ya motsi. Aka raba mafitai yadda na tsara, kore dama, ja hagu. Sale kuma, da ya ga zafin ya yi yawa, ya sa aka bi kowa da ruwan leda mai sanyi, irin wanda ledarsa ke naso a hannu (ina ambaton wannan ne don a san ba ni kaɗai ba ne).

Ka san al'ada, uban yarinya ba ya zama a gaba. Ya ba ƙanensa walicci, shi ya koma gefe kamar bai san abin da ake yi ba. Na tsaya can jikin darbejiyar ƙofar gida, inda nake hango kowa. Farfesa ya iso cikin wata farar shadda wadda ni da nake sana'ar na san ba a wasa da ita. Aka miƙa masa koren mafici. Ya gyara tabarau, ya karanta mariƙin, ya juya, ya sake karantawa, ya gyaɗa kai. Wallahi ji na yi kamar an ba ni digiri. Sai sanƙira ya ɗaga murya, da alama Tanko ya riga ya hura masa kunne, ya sanar da jama'a cewa mafitan da ke hannunsu ba na kanti ba ne, baban amarya ne ya yi da hannunsa, har rubutun. Kowa ya waiwayo darbejiya. Na sunkuyar da kai irin na mai kunya, cikina kuwa kamar a buga ganga.

Ba a fara da wuri ba, ana jiran wata mota ta dangin ango. Mutane suka yi ta fifita. Hannu ya yi gumi a mayar da mafici ɗaya hannun, a ɗauki ruwan leda a tsotsa, a sake damƙar mariƙi. Ni ina ta murna yadda ake amfani da kayana.

Liman ya gyara zama ya buɗe da salati, ya ce a yi Fatiha. Kowa ya ajiye mafici a cinya, ya ɗaga tafuka, ya sunkuyar da kai. Aka shafa.

Na fara ganin wani dattijo a layin gaba da koren zane daga goshi zuwa haɓa. Na ce inuwar rumfa ce. Na dubi na kusa da shi, shi ma haka. Na dubi Farfesa. Farin gemun nan ya ɗauki wani launi kamar ganyen latas. Na juya ɓangarenmu, sai ga Sale, waliyyin amarya, kumatu jajur kamar wanda aka kwaɗa wa mari ta kowane gefe. A nan abin da kowane yaro mai allo ya sani ya dawo mini: tawadar allo an yi ta ne don a wanke. Ka rubuta, ka haddace, ka sa ruwa ta bi ruwa. Amfanin ƙaro ke nan tun fil azal. Ni na wanke allo ya fi a ƙirga, ni na kwashe shekaru ina gargaɗin mutane a kan kaya masu zuba, ni ne kuma na shafa wa taron ɗaurin aure tawada a tafin hannu.

Za ka ce me ya hana ni yin magana. To, a daidai lokacin Farfesa ya fara neman aure wa ɗansa, Sale yana shirin amsawa. Ka taɓa ganin inda ana tsakiyar siga uban amarya ya fito daga bayan itace yana cewa a dakata? Kafin in kai ga bayanin galura, labari ya riga ya shiga cikin gida cewa na fasa ba da 'yata. Na auna fuskar surukai da auren Ummi, na zaɓi auren Ummi. Na rungume darbejiya ina roƙon Allah ya sa liman ya taƙaita.

Limaminmu mutumin kirki ne, amma bai san taƙaitawa ba. Ba ya haɗa addu'a wuri guda, rarraba ta yake yi. Fatiha don ango da amarya. Aka shafa. Fatiha don iyaye, Allah ya saka musu. Aka shafa. Tsakanin kowace Fatiha da 'yar uwarta zafi ya sa a koma ga mafici, wato a sake ɗebo kala. Fatiha don magabata da suka riga mu. Fatiha don zaman lafiyar ƙasa. Da ya ce a yi wata don Allah ya ba mu damina mai albarka, na ce a raina, Malam, ruwa kam yanzu shi muke buƙata. Ni mai wanki na san shafa ta biyu ta fi ta farko kamawa, ga shi ana ta yi wa mutane ta huɗu da ta biyar.

Abin mamaki, ba wanda ya ce uffan. Wasu idonsu na ƙasa. Waɗanda suka ɗago kuwa kowa ya ga fuskar maƙwabcinsa, ya ɗauka shi kaɗai abin ya samu, ya kawar da kai don kada ya kunyata bawan Allah. Na ga wani alhaji yana satar kallon na gefensa cikin tausayi, alhali shi nasa har kunne.

Sanƙira ya sanar an ɗaura. Aka miƙe, aka shiga gaisawa. Dangin ango suka nufo namu, koren hannu ya shiga cikin ja, aka samu wata kala mai kama da miyar kuka da ta kwana. Masu rungumar juna suka bar wa juna shatin yatsu biyar a gadon baya. Masu gyara hula suka gyara. Abokan ango suka ɗaga wayoyi za a yi hoto, kuma a fuskar waya ne ango ya fara ganin kansa. Na ji wani ya ce, "Alhaji, duba fuskarka." Aka ba shi amsa, "Kai fa, ka ga taka?" Sai dariyar Tanko ta tashi, irin wadda ake ji tun daga mahauta, wuri ya kaure. Kowa ya dubi tafinsa, ya dubi mafici. Sunan Safiya da na Bashir sun narke sun bi gumi, babu ko alama. Abu ɗaya ne ya tsira, don yana can wuyan mariƙi inda hannu ba ya kaiwa. Aikin hannun baban amarya. Ko da wani bai iya karatu ba, ai sanƙira ya riga ya karanta masa.

A karo na biyu kowa ya waiwayo darbejiya.

Farfesa ya ratso mutane ya nufo ni, a hankali, kamar yadda yake komai. Gemu kore, goshi kore, gaban shaddar nan da shatin hannu ja, na Sale ne ko na wa oho. Na duba ko darbejiya za ta buɗe in shige, ta ƙi. Ya miƙo hannu, na ba shi nawa, wanda shi kaɗai ne hannu mai tsabta a wurin, shi ma ya tashi daga aiki.

"Malam, Allah ya sanya alheri," in ji shi, ko murmushi bai yi ba. "Mu amarya muka zo nema, ashe har lalle za a sa mana."

Na tanadi kalmomi masu nauyi da zan faɗa wa mutumin nan in mun haɗu, har na gwada su a gaban teburin guga. Ba ko ɗaya da ta zo. Idona yana kan shaddar, abin da bakina ya ce shi ne, "Ranka ya daɗe, kada a sa mata ruwan zafi. A kawo mini ita."

Ka ji fa. Duk wahalar nan na yi ta ne don ya san ba wanki kaɗai na iya ba, ga ni a ranar auren 'yata, a gaban jama'a, ina neman aikin wanki a wurin suruki. A nan ne dariyar ta ƙwace masa, har sai da ya dafa kafaɗata (ta dama, shatin yana nan, na ajiye rigar).

Cikin gida kuwa labari ya riga ni shiga. Asabe ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya taimake ni ba a raba wa mata mafitan ba, da sai na bar garin. Goggo tana kan tabarmarta tana tauna goro, ta ce, "Ai na ce maka to." Da yamma aka kawo mini Ummi in yi mata nasiha kafin a kai ta. Tana kuka a cikin mayafi, kuma na san ba duka kukan ne na rabuwa da gida ba. Nasihar da na shirya a kan kiyaye mutuncin gidan miji, da wane baki zan yi ta? Na ce Allah ya yi mata albarka, aka fita da ita, ba ta ɗago ba.

Satin da ya biyo baya motoci suka yi ta tsayawa a ƙofar gidana daga Kongo, ana sauke shaddodi. Na wanke su duka da ruwan sanyi, na sa bula, na buga, na goge, ban yarda an yi maganar lada ba. Allah ya taimake ni da abin da ya kayar da ni: tawadar allo ce, ta wanku. Hula ɗaya ce ta ƙi, mai ita ya ce zai riƙa sawa ranar da yake jin fitina. Gemun Farfesa ne ban da iko a kansa. An ce haka ya shiga aji da ɗan sauran kore, ɗalibai suna ta kallon ƙasa.

Ummi ba ta kira ni ba, ni ma ban iya kiranta ba. Sai ranar da ta zo yini gida. Ta gama da uwarta, ta fito ta durƙusa kusa da teburin guga, daidai inda ta durƙusa wancan karon.

"Baba, ka yi mini alkawari."

Na ce na yi.

"Kullum sai an tuna mini."

Na ce na sani. Ta ce sunanta a gidan yanzu Amarya Mai Lalle, har yaran gida. Ta ce washegarin kai ta, tana zaune a ƙuryar ɗaki ba ta san kowa ba, sai matan dangi suka yi ta shigowa, kowacce da wayarta, tana nuna mata yadda fuskar nata mijin ta koma, suna dariya har da faɗuwa a kan gadonta. Kafin azahar ta san sunan kowa da mijin kowa. Ta faɗi wannan fuska a ɗaure, don kada in ɗauka an yafe mini. Sannan ta tambaya ko akwai maficin da ya rage, wanda ba a riƙe ba.

Akwai ja guda ɗaya da na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na ɗauko. Ta karɓa ta gefen kaba, da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar kunama. Ta daɗe tana kallon sunan. Ta ce ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Na ce ba za ta ji ba kuwa. Ta naɗe shi a leda ta sa a jaka, ta ce a gaya wa Iro ya zo ya shafa masa banish, kuma kada in kuskura in taya shi.

Ƙanwarta, wadda ko saurayi ba ta da shi tukuna, ta riga ta sanar da gida cewa ita nata sitika za a buga a Kwangila. Ban yi musu ba. Abin da na koya dai bai wuce biyu ba. In tsohuwa ta dubi aikinka ta ce "to" ta wuce, ka bi ta ka tambaye ta saura. Kuma duk abin da za ka danƙa a hannun mutanenmu a wurin taro, ka fara tsoma shi a ruwa ka gani, don komai daɗewa liman zai ce Fatiha, kuma a fuskarsu zai ƙare.